Yatsu Uku a Gefen Hoto

Jirgin fito ya riga ya fara ja da baya daga gaɓar tsibirin sa'ad da Cremilda ta tuna ta bar lemarta a kan bencin tasha.

"Shi ke nan, ta tafi," ta ce, tana leƙe ta taga. "Lema ta uku ke nan bana. Ke kuwa matar yaya, kina zaune dab da ita, ko ki ce mini kanzil."

"Ban gani ba," in ji Nilzete.

"Ina fa za ki gani! Kullum kanki na ƙasa kamar wadda allurarta ta faɗi. Marigayi yayana ya sha faɗa, wai da a yatsun ƙafarsa fuskarsa take, da kun fi haka sanin juna."

Nilzete ta yi ɗan murmushi don kada ƙanwar mijin nata ta ji babu daɗi. Takardar sammacin tana kan cinyarta, ta danne ta da hannu biyu, ko da yake babu iska a cikin jirgin. Ta karanta ta har ta haddace. Ƙarfe goma na safe, kotu a birnin Salvador, hawa na biyu. Sunanta a sama, a matsayin wadda aka yi wa fashi. A ƙasa kuma sunan wanda ake tuhuma, Jailton, ɗan shekara ashirin da huɗu, wanda yau watansa bakwai a tsare. Mutumin da ya kawo mata sammacin ya gaya mata kada ta kuskura ta ƙi zuwa, don ba a sami yaron da jakarta ba, ba a same shi da makami ba, shari'ar duk a bakinta take. Ita ce ta ce shi ne, yau kuma ake so ta maimaita a gaban alƙali.

Shekararta hamsin da huɗu. Ashirin da biyu daga ciki ta yi su ne a ɗakin karatun wata makaranta da ke tsibirinsu na Itaparica, tana ɗinke littattafan da yara suka yayyage. Zare da gam ta je saye birni a ranar da abin ya faru. Wajen ƙarfe huɗu na yamma, rana na haskawa tar, tana tsaye a tashar bas, sai ta ji an tokare ta da wani abu mai sanyi a haƙarƙari.

"Jakar, Iya. Kar ki kalle ni."

Kafin ta gama jin tsoro an gama komai.

Ba jakar ce ta dame ta ba. Tsohuwar wayarta na ciki, a cikin wayar kuma akwai saƙonnin murya na mijinta, Agenor, wanda ya yi shekara talatin yana jan igiya a kan waɗannan jirage kafin zuciyarsa ta tsaya. Kusan duk abu ɗaya yake cewa, da ƙarar inji a bayansa: "Nil, mun taso, ɗora kofi." Shekara biyu tana kunna ɗaya kowace safiya. Ba ta taɓa sanin ana iya ajiye su a wani wuri ba.

A ofishin 'yan sanda, wani ɗan sanda mai furfura ya ba ta kujerarsa, ya kawo mata kofi a ƙaramin kofin roba, yana ce mata uwata. Sannan ya juyo mata da wayarsa.

"Wannan ne, ko? Duba da kyau, uwata. Mun san shi."

Hoto ɗaya ne. Saurayi baƙi, mai wushirya, cikin farar riga, yana murmushi. An yanke hoton daga gefe, amma a kan kafaɗarsa akwai ragowar yatsu uku na wanda aka yanke, ɗaya da zoben azurfa mai koren dutse. Nilzete ta daɗe tana kallo. Ɗan sandan yana jira, kofin yana hucewa, mutumin kuma ya yi mata kirki. Ta ga kamar ta san fuskar. Ta ce shi ne, ta sa hannu.

Tun daga ranar fuskar ta tare a wurinta. In ta buɗe tsohon littafi sai ta gan ta a cikin tabon da damina ta yi wa shafi. In ta yi gyangyaɗin rana sai ta gan shi a tashar bas, yana janye jakar a hankali, yana murmushi, yatsu ukun nan suna kan kafaɗarsa. Murmushin ne ya fi ƙona mata rai. Ita kuwa muryar Agenor sai ƙara nisa take, kamar rediyon maƙwabta da aka rage. Kalmomin suna nan, amma yadda yake jan sunanta ya fara ɓace mata.

Yanzu ma ta jingina kanta da ƙarfen taga, tana sauraron injin ta cikin ƙashin kanta. Tekun ya kwanta lumui, launinsa kamar bangon tsohon littafin lissafi. Can nesa birnin yana tasowa daga hazo, gidaje bisa gidaje, kamar ba a ƙasa aka kafa shi ba. Ta ji kamar in ta daɗe a haka, injin zai ce Nil.

"Tashi, mun iso," in ji Cremilda, tana zungurin ta. "Ki shiga ki nuna ɗan banzan nan da yatsa, mu fito mu nemi lema. Kuma don Allah yau ki ɗaga murya. Alƙali ba littafi ba ne da za ki yi masa raɗa."

Barandar kotun doguwa ce, benci a jere, fanka ɗaya tana juyawa ba ta kawo komai. Ba a raba wurin zama. Wanda aka cuta da dangin wanda ake tuhuma duk a benci ɗaya suke, kowa riƙe da takardarsa. Ƙarfe goma ta wuce, sha ɗaya ta wuce. Cremilda ta gaji, ta ce za ta je neman banɗaki, in kuma ta ga mai shari'ar a hanya za ta saya masa agogo.

Tafiyarta ke da wuya wata mata ta zauna a gurbinta. Nilzete ta ga takalminta na roba da ƙura ta rufe, da kumburarrun idon sawu, da baƙar leda da ta ajiye tsakanin ƙafafunta. Ƙamshin manja ya taso.

"Kai, wannan zafi," in ji matar. "Bas uku na hau, 'yar uwa. Na ukun ma direban kamar budurwarsa ce ke jiran sa. Ke ma ɗanki ne?"

Nilzete ta kife sammacin a kan cinyarta. Matar ta ɗauki hakan a matsayin amsa.

"Kar ki ji kunya. Ni ma da farko kunya nake ji, yanzu kuwa masu gadin ƙofa har tambayata suke ya ƙafa. Sunana Valdelice. Kin karya kuwa? Ga ƙosai, da zafinsa na naɗo. Kullum sai na kawo masa, kullum sai su ce ba a ba fursuna abincin waje a kotu. Ni kuma ba na iya fitowa hannu rabbana. Ci, kada ya huce a banza."

Ta buɗe ledar, ta miƙo mata ɗaya a cikin takarda, an tsaga shi an cusa jatan lande. Nilzete ta karɓa don ba ta iya cewa a'a. Ta gutsura. Yaji ya kai mata har ido.

"Wanzami ne," Valdelice ta ci gaba. "Ba don ɗana ba ne, amma in ya yi maka aski sai ka tsaya gaisawa da kanka a madubi. Sau ɗaya tak aka taɓa kwashe su, shi da samarin layinmu, ranar wani wasan ƙwallo. Suka kwana, aka sako su. Shi ke nan fa sunansa ya shiga littafinsu. Daga baya suka je shafinsa na waya suka ɗauko hotonsa, suna ta nuna wa mutane. Wata baiwar Allah ta ce shi ne ya ƙwace mata jaka. Ranar kuwa yana gida yana gyara mini rufi, amma wa zai yarda da uwa?"

Nilzete ta daina tauna. Ta ce wa kanta baranda cike take da uwaye, kuma kowaccensu jaka aka ce ɗanta ya ƙwace.

Sai ga wata budurwa cikin baƙin kwat da takalmin gudu, rungume da fayiloli har haɓa. Ta durƙusa a gaban Valdelice, tana haki.

"Dona Valdelice, yi haƙuri, shari'a goma sha ɗaya gare ni yau. Mu ne na gaba."

"Lauyarmu ke nan, ta gwamnati," in ji Valdelice, tana taɓa Nilzete da gwiwar hannu. "Jussara. Dubi ƙanƙantarta, amma bakinta reza. 'Yata, sake gaya mini zancen Brasília ɗin nan, na ji sanyi."

Lauyar ta zaro wasu takardu da aka shafa wa layuka da ruwan ɗorawa, gefensu duk ya lanƙwashe.

"Babbar kotu ta can babban birnin ƙasa ta yanke cewa ba a ɗaure mutum don kawai an nuna wa wani hotonsa ya ce shi ne. Dole a fara tambayar mai shaida ya siffanta wanda ya gani, tun kafin a nuna masa kowa. Sannan a jera wanda ake zargi da wasu masu kama da shi. In ba a bi wannan ba, ganewar ba ta da ƙarfi. Tuntuni dokar take a rubuce, ana tsallake ta, sai da aka yi ta ɗaure marasa laifi."

"To ai shi ke nan, sai su ba ni ɗana."

"Ba nan take ba, Iya. A takardar 'yan sanda an rubuta cewa an bi komai daidai. In matar ta shigo ta ce ta gan shi ido da ido, ta kuma tsaya a kan haka, aikinmu zai yi wuya. Mutum biyu ne kawai suka san abin da ya faru a ofishin nan, ɗaya kuma shi ya rubuta takardar."

Ta miƙe, ta yi wa Nilzete ɗan murmushin gaisuwa, ta wuce da sauri.

"Abin da ya fi ci mini rai," in ji Valdelice, "hoton nan namu ne, mu biyu. Ranar da ya karɓi takardar gama koyon aski. Na sa rigata ta zuwa coci, na rungume shi. Sai suka yanke ni. Kin ji? Suka cire uwarsa, suka bar shi shi kaɗai kamar wanda ya faɗo daga sama."

Ta miƙo hannu don ta karɓi takardar ƙosan da Nilzete ta dunƙule. Hannun ya tsaya a kan cinyar Nilzete, dab da sammacin da ta kife. Yatsu gajeru, masu tabon ƙunar mai. A na tsakiya akwai zoben azurfa mai koren dutse.

Barandar ta yi nisa. Fankar tana juyawa a hankali, a hankali, kamar a ƙarƙashin ruwa. Wata bakwai Nilzete tana ganin yatsun nan a tashar bas, a kan kafaɗar ɓarawo, ba ta taɓa tambayar kanta abin da ya kawo su wurin ba. Ta yaya mai ƙwacen jaka zai zo da hannun uwarsa a kafaɗa? Ta yaya zai zo da farar riga mai guga, yana murmushi kamar an ce masa kalli nan? Ta rufe ido, ta yi ƙoƙarin juya fuskar gefe, ta sa ta ɗaure, ta sa ta buɗe baki ta ce jakar, Iya. Fuskar ta ƙi motsi. Tana nan a shafe, mai kusurwa huɗu, daidai faɗin wayar ɗan sanda.

Wata ƙofa ta buɗe. Wani ma'aikaci ya leƙo da takarda.

"Nilzete Paixão dos Anjos!"

Hannun da ke kan cinyarta ya sandare. Valdelice ta san sunan, ta sha jin ana karanta mata shi. Nilzete ta miƙe ba ta kalle ta ba. Ta ga dai hannun yana janyewa sannu a hankali, ya koma cikin baƙar ledar.

Cremilda ta iso a guje, tana gyara siket.

"Banɗakin nan sai ka yi wasiyya kafin ka shiga. Mu je. Lafiya? Me ya sa bakinki yake da manja?"

Ɗakin shari'ar ƙarami ne, bai kai ɗakin karatunsu ba, ga sanyin na'ura har cikin ƙashi. Alƙalin mutum ne mai sanƙo da tabarau a kan hanci. A damansa mai gabatar da ƙara, a hagu Jussara, wadda da ganin Nilzete ta ɗan buɗe baki don mamaki, ta rufe. A kujerar ƙarshe, tsakanin masu gadi biyu, wani siririn mutum cikin kayan fursuna, an aske kansa ƙwal, aski mara kyau, mai tsallake-tsallake. Jussara ta nemi a cire masa ankwa, ta ce wannan ma kotun ƙoli ta daɗe da yanke cewa ba a sa ta sai da dalili. Alƙalin ya ɗaga yatsa, aka cire. Mutumin ya shafa wuyan hannunsa. Bai yi murmushi ba. Da a hanya Nilzete ta gamu da shi, da ba ta ce ta taɓa ganin sa ba.

Mai gabatar da ƙara ya yi mata magana da ladabi. Ya tambayi rana da wuri da abin da ke cikin jakar. Da ta zo kan wayar ta dakata, ya jira ta.

"Dona Nilzete, a ofishin 'yan sanda kin gane wanda ya yi miki wannan abu. Ki duba can. Shi ne?"

"Ranka ya daɗe," in ji Jussara, ta miƙe da takardunta masu ruwan ɗorawa, "mutum ɗaya ne a ɗakin nan cikin kayan fursuna. Ko ni aka tambaya shi zan nuna. Ina roƙon a fara daga inda ya kamata a fara tun wata bakwai da suka wuce. Ta faɗi abin da ta gani."

Alƙalin ya cire tabarau, ya murza ido.

"Dona Nilzete, ki manta da hoto, ki manta da wannan ɗaki. Ki koma tashar bas. Me idonki ya gani?"

Daga baya Cremilda ta yi raɗa da duk ɗakin ya ji: "Ɗaga murya."

Nilzete ta rufe ido. Ta zaci fuskar ce za ta zo kamar kullum, amma sai tashar ta zo ita kaɗai, a hankali, kamar shafin da aka jiƙa ana ɓanɓaro shi daga ɗan'uwansa. Zafin rana a ƙeyarta. Warin hayaƙin bas da na mangwaron da ya ruɓe. Abin nan mai sanyi a haƙarƙari. Sai kuma muryar uwarta, tun tana 'yar shekara bakwai, ranar farko da aka kawo ta birni: in an tare ki, kanki ƙasa, ki miƙa, kada ki kalli fuska, wanda ya kalli fuska shi ake kashewa. Haka aka gaya wa Cremilda, haka aka gaya wa Agenor, haka ita ma take gaya wa ɗalibai in za su tsallaka birni. Ta yi abin da aka koya mata. Ta yi shi daidai.

"Siminti na gani, ranka ya daɗe," ta ce. "Ya tsage, ciyawa ta fito ta tsagar. Da murfin kwalba. Da ƙafafu."

"Ƙafafu?"

"Silifas ne a ƙafarsa. Ɗaya igiyarsa shuɗiya, ɗaya koriya. Babban yatsansa na dama farcen ya mutu, ya yi baƙi. Da ya juya zai gudu na ji ƙusa tana kartar simintin, irin wadda ake sokawa a ƙasan silifas in igiya ta tsinke."

"Rabin mutanen jihar nan ta Bahia ke nan," in ji mai gabatar da ƙara, ba da mugunta ba. Wani mai gadi ya yi dariya, ya haɗiye ta. "Fuskarsa fa?"

 Ta tuna ɗan sanda mai furfura da kujerarsa. Ta tuna sa hannunta a ƙasan takarda, da kyakkyawan rubutun da take alfahari da shi. Ta tuna kuma cewa muddin akwai wanda aka kulle, wayar tana da inda take, akwai wanda wata rana za a iya tambaya wa ka sayar wa. In ta saki wannan fuska, babu sauran wanda za ta tambaya.

"Ban ɗaga kai ba," ta ce. "Ya ce kar in kalle shi, ban kalle shi ba. Ban ga fuskarsa ba ko sau ɗaya."

"Matar yaya!" in ji Cremilda.

Alƙalin ya buga tebur da alƙalami. Jussara ta yi tambayoyinta a hankali, kamar mai tsoron kada wani abu ya fashe. An ce ta siffanta mutumin kafin a nuna mata hoto? A'a. Hoto nawa aka nuna mata? Ɗaya. Me aka ce mata? An ce mun san shi.

"To me ya sa kika ce shi ne?" in ji alƙalin.

"Ɗan sandan ya ba ni kofi," ta ce, sai ta ji yadda maganar ta fito, kunya ta rufe ta. "Yana ta jira. Na ga kamar in na ce ban sani ba, na ɓata masa lokaci. Daga baya kuma na yi ta ganin fuskar har na yarda na gan ta. Ban yi niyyar ƙarya ba, ranka ya daɗe. Za a kulle ni?"

"Ba za a kulle ki ba."

Mai gabatar da ƙara ya daɗe yana juya shafuka, gaba da baya. A ƙarshe ya rufe fayil ɗin, ya ce in aka cire ganewar, ba shi da abin da zai riƙe wannan mutum da shi. Alƙalin ya ce zai sa hannu a takardar saki kafin ya tashi cin abinci, amma sai an mayar da Jailton gidan yari an kammala rubuce-rubuce, watakila da yamma, watakila gobe.  Da aka zo fita da shi ya wuce ta gaban Nilzete, ta ga ƙafafunsa cikin silifas ɗin gidan yari. Farcensa goma lafiya lau. Amma farce yana sake fitowa a wata bakwai, ta sani, wannan ma ba ya nuna komai.

A baranda Cremilda ta kama hannunta tana faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ashe duk mafarkin nan da kike ba ni labari, hoto kike mafarki? To in shi ne fa? In ya biyo mu tsibiri fa? Ni dai da ni ce..."

"Da ke ce, da kin kalli fuskarsa?"

Cremilda ta saki hannunta. 

Valdelice tana tsaye a bakin matakala, Jussara ta riga ta gaya mata. Ledar tana hannunta. Babu hanyar sauka sai ta gabanta. Nilzete ta tsaya, tana kallon takalmin roba mai ƙura. Ta shirya kalmomi tun daga cikin ɗakin, duk suka watse.

"Wata bakwai," in ji Valdelice. "Kujerar askinsa an sayar. Yarinyar da zai aura ta koma garinsu."

"Ki yafe..."

"Ɗago ki kalle ni."

Nilzete ta ɗago. Fuska ce mai faɗi, da tabo a gefen gira, da gashin da ya fara fari daga goshi, da wushirya irin ta hoton. Idanun sun yi ja amma babu hawaye. Suka tsaya haka har sai da wani mai fayiloli ya ce a ba shi hanya.

"To," in ji Valdelice. "In an tambaye ki, wannan kam kin gan ta."

Ta juya ta sauka, tana dafa ƙarfe saboda ƙafa, ledar tana bugun gwiwarta.

Jirgin ƙarfe uku suka samu. Layin ya yi tsawo a cikin rana, Cremilda ta buɗe sabuwar lemarta mai furanni, ta rufe su su biyu. Nilzete tana jin injin jirgin tun daga nan, yana gurnani a ƙasan ruwa. Ta kasa kunne. Inji ne kawai. Nil, mun taso, ta faɗa a ranta, sai ta ji maganar ta fito da muryarta, ba tasa ba.

Layin ya matsa. A gabanta wasu ƙafafu suka ja, ƙusa ta karci siminti. Silifas ne, ɗaya mai shuɗiyar igiya, ɗaya mai koriya.  Daga nan inda take ba ta iya ganin babban yatsan. Can gaba kaɗan ma akwai wasu, ja da baƙi, a ƙafar wata mai tallan gyaɗa.

Mai silifas ɗin ya sunkuya, ya tsinci wani abu, ya juyo.

"Iya, tikitinki ya faɗi."

Wuyanta ya so ya yi abin da ya saba. Ta ƙi. Ta ɗaga kai ta dube shi, tun daga goshi har haɓa, a hankali, yadda take duba shafi kafin ta sa allura. Mutum ne mai ɗan gemu, da gishirin teku a girarsa, kunnensa ɗaya ya fi ɗaya fitowa. Ba ta san shi ba. Ko ta taɓa tsayawa kusa da shi, ba ta da hanyar sani.

"Lafiya, Iya? Ko na yi kama da wani ne?"

"A'a," in ji Nilzete, ta karɓi tikitin. "Ba ka yi kama da kowa ba."